Kukan da Indo Mai Kifi Ta Hana

Mahaifiyata Indo ta yi shekara ashirin da ɗoriya tana suyar kifi a bakin gadar Wudil, kuma har zuwa bara babu mahaluƙin da zai ce ya taɓa ganin hawayenta. Hayaƙin wajen nan yakan sa idon kowa ya yi ruwa, masu sayarwa da masu saye. Nata sai dai ya yi ja ya tsaya a nan.

Ni ce Sakina, autarta. Gara in faɗa tun yanzu: ina son uwata, ina kuma jin haushinta, kuma ban san ranar da ɗaya zai kori ɗaya ba.

'Yar Kausani ce. Aure ne ya kawo ta Wudil, gidan mahaifinmu Ya'u, wanda ya yi rayuwarsa a kan kogi yana su. Lokacin da yake raye a cikin gida take suya ana zuwa saye. Da ya rasu ta fita takaba, sai ta ɗauki kaskonta da tirenta ta koma bakin titi, inda motocin gabas suke tsayawa. Duk direban da yake bin hanyar nan ya san Indo mai kifi: doguwa, marar yawan magana, hannayenta duk tabon fantsamar mai tun daga yatsu har gwiwar hannu. Ba ta roƙon mai saye, ba ta bin mota da gudu. In ka tsaya ta zuba maka karfasa ko tarwaɗa da yaji, in ka wuce Allah ya kiyaye hanya.

'Yarta ta fari ita ce yayata Rahinatu. Inna kuwa mutuniyar zamanin da ce ta gaske wajen kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunan Yaya Rahinatu ba, ko a gabanta ko a bayanta. Ana yaye ta aka kai ta Indabo wajen kakarmu ta wajen uba, ba ta dawo ba sai da ta shekara tara. Da ta dawo sunanta ya zama "ke", in kuma ana zancenta "waccan". Akwai wata Rahinatun a layinmu, ita ma ta shiga cikin lamarin ba ta ji ba ta gani ba, Inna tana ce mata "mai sunan waccan". Ni kuwa an goya ni har ƙafafuna suna jan ƙasa, an yi mini wasa, an ba ni a baki. Yaya takan dungure mini kai ta ce, "Ke dai kin more, auta." Da dariya take faɗa, amma da na girma na gane ba duka ce dariyar ba.

Ba wai Inna ba ta son ta ba ne. Kullum in ta yanka tarwaɗa mafi girma, sai ta ware tsakiyar, inda tsoka take babu ƙaya, ta naɗe a takarda ta miƙo mini tana kallon wani waje. "Kai wa waccan. Ya kusa lalacewa." Kifin da aka tsamo daga mai yanzun nan ne ya kusa lalacewa. Haka ta yi har Yaya ta yi aure, haka ta ci gaba bayan auren, ni ce 'yar aike.

Da daminar shekarar da ta gabaci bara Yaya Rahinatu ta rasu wajen haihuwa ta biyu, ita da abin da ta haifa. Ta bar 'ya ɗaya, Khaulat, mai shekara huɗu da 'yan watanni. Yarinya ce mai baki kamar rediyo. Ita da Inna kullum cikin tsokana suke, tana ce mata tsohuwa mai warin kifi, Inna tana ce mata mai kan kwarya. Duk abin da Inna ta hana kanta yi wa uwar, a kan jikar ta sauke shi.

Ranar rasuwar, Inna ta zauna a kan tabarma, bayanta a miƙe, carbi a hannu. Duk wadda ta ce mata, "Ya haƙuri?" sai ta amsa, "Da godiya," murya ko rawa ba ta yi. Mata suna ta zunɗe suna cewa ga tawakkali nan. Da aka zo fita da makara sai Khaulat ta ƙwace daga hannuna, ta bi ta da gudu tana ihu tana kiran Umma. Ta faɗi a ƙofar soro tana birgima. Babu wanda ya iya riƙe ta.

Inna ta tashi, ta ɗago ta, ta riƙe kafaɗunta biyu.

"Yi shiru," ta ce. "Duk ɗigon hawayen da kika zubar, ruwan zafi ne yake sauka a jikin uwarki. So kike ki ƙona ta?"

Khaulat ta dubi fuskar Inna, sannan ta dubi hannayen da suke riƙe da ita, da tabon nan birjik. Ta san abin da zafi yake yi wa fata, kullum tana gani. Na ga lokacin da ta haɗiye kukan, maƙogwaronta ya motsa sau biyu. Gidan ya yi tsit. Wata dattijuwa ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan." Ni ma, ba zan ɓoye ba, daɗi na ji, don kaina kamar zai tsage.

Maganar ba Inna ce ta ƙirƙiro ta ba. Ita ma haka aka gaya mata a Kausani tana shekara shida, ranar da aka fita da mahaifinta. Ta karɓa ta ajiye shekara hamsin da wani abu, ranar da buƙata ta taso ta miƙa wa jikarta yadda aka miƙo mata.

Mahaifin Khaulat, Garzali, direban babbar mota ne, ba ya kwana uku a gari ɗaya. Bayan arba'in ya ce a bar yarinyar a wajenmu shekara guda, sannan ya zo ya kai ta Bauchi wajen yayarsa ta ci gaba da riƙo. Magana ce ta uba, ba mu da ta cewa.

Tun daga ranar makarar nan Khaulat ba ta sake kuka ba. Ta faɗi ta kuje gwiwa, shiru. Masu rigakafi suka yi mata allura, ta zuba musu ido kawai. Maƙwabta suna yabo, wai yarinya ta gado kakarta. Amma ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita na san sauran. Ta koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da dainawa. Kowace safiya cikinta yana ciwo. Bakin hijabinta ta tauna shi har ya huhhuje, na sake wani, ta tauna. Tsokanar da suke yi da Inna ta mutu. In Inna ta ce mai kan kwarya, sai ta ce, "Na'am."

Ni malama ce, ina koyar da 'yan naziri, ajin ƙananan yara, a wata 'yar makarantar kuɗi da ke bayan tasha, kuma Khaulat a ajina take. A shekarar an tura mu bita ta kwana uku a Kano, aka koya mana yadda za mu taimaki ƙananan yara su gane abin da yake ransu su faɗe shi da baki. Na dawo da zumuɗi, na yanka kwalin taliya, na zana fuskoki huɗu: mai murna, mai fushi, mai tsoro, mai baƙin ciki. Kowace safiya yaro zai fito ya ɗauki wadda ta yi daidai da shi ya faɗi dalili. Da Inna ta gan ni ina zane sai ta taɓe baki ta ce, "Yanzu har fushi ma sai an je makaranta an koyo?"

Abin ya yi aiki fiye da yadda na zata. Wata Barakatu ta ɗauki mai fushi sati guda cur saboda an yi mata ƙanwa. Wata ta ɗauki mai tsoro, sai ga shi ashe karen wani gida ne a hanyarsu yake hana ta son makaranta. Har na fara jin kaina wata tsiya.

Khaulat kuwa kullum mai murna take ɗauka. Ta riƙe kwalin da hannu biyu a ƙirji, fuskarta babu komai, ta ce, "Alhamdu lillahi," ta mayar ta zauna. In na ce, "Khaulat, yau ba wata?" sai ta girgiza kai. Na yi ta ce wa kaina lokaci take buƙata.

Wata bakwai bayan rasuwar, wata ranar Laraba an tashi, mahaifiyar Barakatu ta makara ba ta zo ɗaukar ta ba. Barakatu ta fara kuka. Ina share allo na ji kukan ya yanke wani iri. Na juya na ga Khaulat ta danne ta a bango, ta toshe mata baki da hanci da hannu biyu, idon yarinyar ya firfito. Da ƙyar na ɓamɓare yatsunta. Har shatin farce ta bar mata a kumatu.

Na ja Khaulat gefe. "Me ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba, Anti."

"To me ya sa?"

"Za ta ƙona Ummanta."

A nan na zauna a kan ɗan bencin yara. Wata bakwai ina yawo da kwali ina koya wa 'ya'yan mutane, ashe ta gidanmu tana tsaye gadin kabarin uwarta da idanunta.

Na gaya mata ba gaskiya ba ne. Na gaya mata da safe, na gaya mata da yamma. Amsa ɗaya take ba ni: "Inna ce ta faɗa." Na kai ta wajen Malama Huseina da take koyar da su a Islamiyya. Malama ta ɗora ta a cinya ta yi mata bayani a hankali, cewa hawaye tausayi ne da Allah ya sa a zuciya, abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da maganganun saɓo. Khaulat ta saurara tsaf har ƙarshe, sannan ta ce, "To me ya sa Inna ba ta yi ba?"

A bakin ƙofa Malama ta ce mini, "Sakina, wanda ya ɗaura shi zai kwance. Ki je ki samu mahaifiyarki."

Na same ta a tsakar gida da hantsi tana gyaran kifi, ƙudaje sun yi mata rumfa.

"Inna, magana ce da ni a kan Khaulat."

"Cikin ne? Na sa a karɓo mata rubutu."

"Ba ciki ba ne. Maganar ruwan zafin nan ce. Ki gaya mata ba gaskiya ba ce."

Wuƙar ba ta tsaya ba. "Ni na san gaskiya ce ko ba gaskiya ba? Haka aka gaya mini. Kuma ai ta yi amfani, ga shi yarinya ta yi haƙuri."

"Ba haƙuri ba ne, Inna, tsoro ne. Ki zaunar da ita ki ce ke ma kina kewar Yaya Rahinatu. Ki kira sunanta ta ji. In kuka ya zo miki ki yi a gabanta."

Sai a nan ta ɗago. "Sakina, ki kiyaye ni. Ni zan zauna gaban 'yar cikin 'yar cikina ina sharɓe?"

"To mene ne a ciki?"

"Tana da rai ban kira ba," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa. "Sai yanzu da ƙasa ta rufe ta?"

Da ina da hankali da na ji abin da yake cikin maganar nan na yi shiru. Amma raina a ɓace yake, kuma bakin auta ba shi da linzami. Na ce, "Ko da ma can ba kya son ta ne?"

Ta ce, "Allah ya shirye ki," ta ci gaba da aikinta. Kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba.

A rana ta huɗu na je bakin gada in ba ta haƙuri. Daga nesa na hango ta tsamo tarwaɗa daga mai, ta ware tsakiyar, ta naɗe a takarda, ta miƙa hannu gefe inda na saba tsayawa. Hannun ya daɗe a miƙe. Sannan ta dawo da shi a hankali ta tura ƙullin ƙarƙashin tire. Ban ƙarasa ba, na juya gida. Har yau ina jin kunyar abin da na faɗa mata.

Ta yi ƙoƙari, wannan zan shaide ta. Wata rana ana cin tuwo na ji ta ce, "Ke Khaulat, maganar nan da na yi miki ranar nan..." Khaulat ta ɗago tana jira. Inna ta buɗe baki ta rufe, ta gyara ɗankwali, ta ce, "Ci tuwonki kar ya huce." Wata rana ta sayo mata takalmi mai fitila. Wata rana ta kai ta bakin kogi suka zauna kusan awa guda suna kallon masu kwalekwale, suka dawo ba wanda ya ce da wani ƙala. Na ga Inna tana ramewa. Wata ya bi wata, damina ta sake zagayowa.

Sai Garzali ya bugo waya ya ce ranar Juma'a yana tafe.

Juma'a ita ce ranar kasuwar Wudil, ranar da Inna take sayar da kifin da ba ta sayarwa a sati. Tun da ta fara fita ban taɓa ganin ta tsallake ta ba. Ranar ba ta hura wuta ba. Ita ta yi wa Khaulat wanka da kanta, ta shafa mata mai, ta sa mata kwalli, ta jera kayanta a jaka. Garzali ya iso da hantsi, aka yi masa shimfiɗa a soro, ya ce ba zai daɗe ba don yana so ya samu Juma'a a hanya.

Inna ta ce in ba su waje. Na fita na tsaya bayan labule.

Ta zauna a bakin gado, ta tsayar da Khaulat a gabanta, ta riƙe kafaɗunta kamar wancan karon.

"Khaulat, abin da na gaya miki na ruwan zafi, ki watsar da shi. Ban sani ba na faɗa."

Sai Inna ta ci gaba.

"Uwarki 'yata ce. Ni na haife ta. Ranar Talata, ana ruwa, a ɗakin can da ya rushe. Tana da wani ɗan baƙin tabo a bayan kunne, kullum in tana barci sai na duba shi." Ta tsaya tana numfashi kamar wadda ta hau tudu da kaya. "Sunanta... sunanta Rahinatu."

Shekara talatin da ɗaya sunan nan yana bakinta. Da ya fito sai ya fito da komai. Ban taɓa jin irin wannan kukan ba, ba shi da daɗin ji ko kaɗan, kamar ana jan ƙofar langalanga a kan siminti. Ta yi ta maimaitawa, Rahinatu, Rahinatu. Ni a bayan labule na toshe bakina, ina cewa a raina Allah na gode maka, yau an kwance.

Sai na leƙa na ga fuskar Khaulat.

Tsoro ne zalla. Ta yi tsalle ta hau cinyar Inna, ta danna tafukanta biyu a kan idanunta. Hawayen yana bi ta tsakanin yatsunta, ta janye hannu ɗaya ta tara shi a ƙarƙashin haɓar Inna don kar ya taɓa ƙasa. Tana gogewa da hijabi, tana tarewa, tana duba daɓen ɗakin.

"Inna yi shiru. Don Allah yi shiru. Kina ƙona ta."

"Ba ya ƙona ta, 'yar nan. Ni ce na..."

"Ni ban yi ba ko sau ɗaya, Inna. Ko da aka yi mini allura ban yi ba. Ke ma ki yi haƙuri."

Na shiga na ɗauke ta, ina ce mata ki duba, Inna da kanta ta ce ba gaskiya ba ne. Ba ta ji na. Idonta yana kan ɗigo biyu da suka kuɓuce mata suka faɗi a kan siminti. Ta zame daga hannuna ta durƙusa ta goge su da tafin hannu, ta shafe a rigarta.

Garzali ya yi gyaran murya daga soro, ya ce rana tana yi. Da an ba mu wata guda, ko sati, wataƙila da Inna ta sake gwadawa, ta sake, har yarinyar ta ga an yi kuka kuma sama ba ta faɗo ba. Ba mu samu ba. Na raka su bakin titi riƙe da jakarta da fuskokin kwalin nan huɗu da na cusa mata a ciki, ban ma san me nake tsammani za su yi mata ba. Kafin ta hau mota ta jawo hannuna ta ce, "Anti, ki kula da Inna. Kar ki bari ta ƙara."

Ba ta waiwayo ba, ba ta yi kuka ba.

Yanzu shekara guda ke nan. Inna ta koma bakin gada, amma ba Indon da aka sani ba ce. Abin da ta toshe shekara da shekaru ya ƙi komawa. Tana cikin suya sai hawaye ya zubo mata, direbobi suna ce mata ta rage ɗanyen itace. A gida takan kira sunan Yaya haka kawai, tana shara ko tana alwala, ba wanda zai amsa. Gwaggon Khaulat ta Bauchi mutuniyar kirki ce, duk lokacin da muka yi waya sai ta sa mana albarka a kan tarbiyya. Ta ce ba ta taɓa riƙon yarinya mai haƙuri irin wannan ba, shekara guda ba su ji kukanta ba. Sai dai ciwon cikin nan, an yi magani ya ƙi.

Ranar Asabar da ta wuce aka ba Khaulat wayar. Muka gaisa, na tambaye ta makaranta, ta ce Alhamdu lillahi. Sai ta rage murya.

"Anti, Inna ta ƙara yi?"

Inna tana zaune kusa da ni a kan tabarma, tana share ido da bakin zani. Na san abin da aka koya mini a bita. Na san abin da Malama Huseina za ta ce in faɗa. Na kuma san yarinyar tana can nesa, ba wanda zai riƙe ta in na faɗa.

Na ce, "A'a, ba ta ƙara ba."

Na ji ta sauke ajiyar zuciya. Ta ce, "To Umma ta huta."